Fitila da Tsakar Rana

Shekara goma sha uku muna shan shayi tare ni da abokina a rumfar garejina da ke Tanut. Ni mai gyaran wutar mota ne, shi kuma direba, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Tanut da Belbeji, wani lokaci ya leƙa Falanko. Ba shi da aiki sai tsokanata. In ya ga na ɗauko na'urar binciken mota, wadda na sai da raguna biyu kafin in mallaka, sai ya ce, "To, boka ya ɗauko ƙwaryarsa." Ni kuma in ce ya tashi ya wanke motarsa, warin awaki ya ishe mu. Haka muke har la'asar, kullum.

Bayan girbin wata shekara ciwon ciki ya kayar da shi. Ni na tuƙa shi a motarsa zuwa asibiti a Damagaram, don ko zama ba ya iyawa. Kwana uku muka yi, ya cika da hantsi. Matarsa ta roƙe ni ta waya in kawo shi gida a yi masa sutura cikin danginsa. Na kwantar da kujerun baya, mutane suka taimaka muka naɗe shi da bargo a kan tabarma, na kamo hanyar Tanut ni kaɗai. Duk motar da muka yi kiciɓis da ita sai direban ya walƙa mini fitila. Na ɗauka labari ne ya riga ni, gaisuwar mutuwa suke yi mini. Sai da na isa ƙofar gidan wani ya ce, "Malam, fitilarka a kunne take." Na murɗa maɓalli, ba ta mutu ba. Na zare makulli kawai na fita, don ran nan ba ta fitila nake ba.

Daga ranar motar ta ƙi kashe fitila. Da an tayar da ita sai manyan fitilun gaba su kama, ko da rana ta take tsaka, ka murɗa maɓallin hagu ka murɗa dama, ko a jikinta. Matar abokina ta so ta ba wani direba motar ya riƙa aiki da ita, abin da aka samu ta ciyar da 'ya'ya huɗu. Direban ya kai ta tasha sau ɗaya. Fasinjoji suka tsaya nesa suna nuna ta da baki, wai motar da ta ɗauko gawar mai ita ce, shi ya sa ta ƙi rufe ido. Ba wanda ya shiga. Da azahar ya mayar da makullin ya ce a yafe shi.

Sai yayan mamacin, wani dattijo mai sai da hatsi, ya yanke magana. Ya ce ran sadakar arba'in zai miƙa motar ga masu farfasa motoci su sai da kayanta a Damagaram, a huta da surutu. Saura kwana shida matar ta aiko kirana. Tana cikin takaba, don haka daga bayan ƙyauren zaure ta yi mini magana.

"Malam, ba mu da gona, ba mu da garke," in ji ta. "Motar nan ce gonarmu. In aka farfasa ta, kuɗin ba zai kai mu damina ba."

Na ce a kawo mini ita. Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa nake fushi ba, da mutanen tasha ko da dattijon.

Bari in faɗi yadda abin yake, don har yau mutanenmu gani suke kamar siddabaru ne. Motocin yanzu ba kamar na dā ba ne, da waya za ta taso daga maɓalli ta tafi kai tsaye ga ƙwan fitila. Akwai ƙananan akwatuna a cikinsu, kowanne da 'yar ƙwaƙwalwarsa, suna aika wa juna saƙo ta siraran wayoyi. Akwatin da ke kula da fitila, wurare biyu yake sauraro: maɓallin da direba ke murɗawa, da wani ɗan ido da ke manne a gilashin gaba, bayan madubin tsakiya, mai auna hasken gari. In ya daina jin su, bai san ko dare ne ko rana ba. Waɗanda suka ƙera motar sun koya masa cewa in ya rasa labari, ya kunna fitila, gara haka da ya bar direba cikin duhu.

Na jona na'urata, ta rubuto da Faransanci cewa akwatin ba ya jin maɓalli, ba ya jin idon. Dattijon ya zo wucewa, na tare shi na yi masa wannan bayanin duka, har ina zana masa a ƙasa da tsinke. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, wa ya hana su magana?"

"Shi nake nema, Alhaji."

"Ka nema. Ni dai ran arba'in na faɗa."

Wallahi na ji kamar in jefe shi da sifana. Amma tambayarsa daidai take.

Na fara da fis, 'yan abubuwan nan masu tsinkewa in wuta ta yi yawa, na zare su ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya lau. Na zargi maɓallin, na aika Damagaram aka sako mini wani a motar haya. Kwana biyu ina jira, ya iso, na ɗaura, fitila ta ci gaba da kallona. Na kwance akwatin kansa daga ƙarƙashin sitiyari, na busa ƙura, na goge haƙoransa, na mayar. Banza. Wani makaniki maƙwabcina ya leƙo daga nesa ya ce, "Kai ma da wahalar da kai. Yanke wayar fitilar ka sa mata maɓalli irin na ɗaki, wa zai sani?" Na ce masa ya koma wurin baƙin mansa. Garin nan in ka yi atishawa a gareji an ji a tasha. Da na yi haka cewa za a yi na toshe mata baki ne kawai, abin yana nan, kuma ba wanda zai hau.

A kwanakin nan ba wanda ya zauna a rumfata. Masu zuwa hira suka ɗauke ƙafa, wasu su yi sallama daga bakin hanya su wuce. Ni da motar ne kawai. Nakan dafa shayi, in ga na jera kofi biyu, in mayar da ɗaya cikin kwano. Ba zan ɓoye ba, na riƙa yi mata magana. Da hantsi in tayar da ita, fitilun su haska bangon laka da rana ta riga ta haska, in ce, "To, mutumina, yau ma taurin kan ne?" Kujerar direba ta lotsa daidai zaman abokina, ga ɓawon goro a lungun ƙofa, ga madubin tsakiya ya karkace yana kallon rufi. Ban taɓa komai ba, na bar su yadda suke. Kewarsa ta cika mini ciki har abinci ya fita raina.

Ran kwana na biyar na ajiye na'urar na ɗauko ƙaramar mitata ta dā mai auna wuta. Na tsaya na yi tunani kamar mai hankali: abu biyu ba sa yin shiru rana ɗaya sai in hanyarsu ɗaya ce. Na duba, ashe kuwa maɓallin da idon waya guda suke bi zuwa akwatin. Na auna ta, mita ta nuna tana taɓa ƙarfen mota a wani wuri. Waya irin wannan in ta taɓa ƙarfe, duk saƙon da aka sa mata zurarewa yake, kamar ruwa a tulun da ya huje. Na kwanta a ƙarƙashin sitiyari, wuyana a murɗe, gumi na shiga mini ido, har na sami inda ta rabu biyu. Na cire reshen da ya hau sama wajen rufi, na murɗa maɓalli. Fitila ta mutu.

Matsalar tana sama ke nan. Na ɓalle robar da ke gefen gilashi, na bi wayar da yatsa, ta hau, ta ratsa ƙarƙashin rufi, ta sauko wajen madubi. Na cire murfin. Ga ta nan, siririya kamar zaren ɗinki, ta maƙale tsakanin wuyan madubin da ƙarfen gindinsa, fatarta ta saɓule. Wani ne ya murɗe madubin da ƙarfin tsiya, ya wuce da shi inda ya kamata ya tsaya.

Ban yi dogon tunani ba, na san ko wane ne. Ran da na ɗauko gawar abokina, bayan na wuce shingen jandarma na bakin Damagaram, na ɗaga ido na duba madubi kamar yadda kowane direba ke yi. Bargon ya zame, ƙafafunsa biyu sun fito, suna kaɗawa duk ramin da na faɗa. Na duba sau ɗaya, na duba sau biyu, na uku ban iya ba. Na kai hannu na murɗe madubin sama da duk ƙarfina, har na ji wani abu ya ce ƙas. Kwana talatin da tara ban yarda na tuna wannan ba.

Gyaran bai ɗauki lokacin dafa shayi ba. Na yanke inda ta ƙuje, na haɗa da dalma, na naɗe, na kauce da ita daga ƙarfen. Na tayar da mota, fitila shiru. Na cire hulata na rufe idon, ta kama. Na ɗauke, ta mutu.

Washegari da safe, kafin a fara sadaka, na kai ta tasha na yi wannan wasan hular a gaban dattijon da duk mai son kallo. Har wani tsoho ya ce a ba shi ya gwada da tasa hular. Dattijon ya ce, "Ashe waya ce." Na ce waya ce, kuma ni na ƙuje ta. Bai tambayi yadda aka yi ba. Matar ce ta tambaya da na isa gidan, daga bayan ƙyaure, na gaya mata gaskiya duka. Ta ce, "Allah ya saka, Malam. Kai ka gan shi ƙarshe da ransa."

Kafin in miƙa wa direban makulli na zauna a kujerar, na kama madubin a hankali na daidaita shi, don ba a ba mutum mota madubi na kallon rufi. Na duba. An ta da kujerun baya, an share, ba kowa.

Motar tana aiki har yau, 'ya'yan suna ci. Ran kasuwar Belbeji takan wuce ta gaban rumfata da tsakar rana, cike da mutane da awaki, direban ya danna mini oda. Nakan ɗaga masa hannu, in duba fitilun. A mace suke, yadda ya kamata, ni na gyara su da hannuna. Ban sake samun wanda zan ce wa mutumina ba tun ranar da fitilun nan suka mutu.