Mintuna Uku da Na Cike da Gishiri

Cikin shekarun da na yi ina karatu a rediyo, akwai wata Alhamis ta damina da har yau ba ta bar raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ganin ina da tsanani a kan takarda. To, ga dalili.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Kalgo, ina karanta littafi kullum bayan la'asar, Litinin zuwa Alhamis. Tsarin shi ne marubuciya ta aiko da shafuka, shugaban shirye-shirye, Alhaji Umaru, ya duba ya sa hannu, ni kuma in karanta abin da ke rubuce, ba ƙari ba ragi. Littafin da muke kai labarin wani saurayi ne maye, mai suna Hamisu, da ya kamu da son wata budurwa, kullum yana kokawa da kansa kada ya kama kurwarta. Mata sun haukace a kansa. Har kasuwa ake zuwa da rediyo saboda shi.

Cikin masu kiran waya akwai Malama Kulu, mai sayar da atamfa a Gwandu. Ba ta taɓa fashin sauraro ba, kuma ba ta taɓa kira don yabo ba. Ita dai a bi ƙa'idar maita yadda kakanni suka faɗa: maye da ƙanƙara a ciki yake, kuma ba ya sakin kurwa sai ya tsallake wanda ya kama. Ranar da Hamisu ya saki kurwar budurwar da hawaye kawai, sai da Malama Kulu ta kira sau huɗu. A ofis mun sa mata suna Alƙaliyar Mayu.

Wata Litinin shafukan suka zo a gajarce. Na kai ƙarshen takarda, na ɗaga kai na ga saura minti uku kafin labarai. Ƙa'ida ita ce a sa kiɗa. Amma ni a lokacin ina ji da kaina, sai na ci gaba da ƙirƙira daga kaina. Na ce an kawo wa Hamisu tuwo ya ture, domin maye ba ya cin gishiri, kuma da haka ake gane shi ko cikin mutum dubu ne.

Da aka buɗe layi, ita ce ta farko.

"Malam Bello, ina kas samo wagga magana? Tun da nike ban taɓa jin maye na gudun gishiri ba. Kun ɓata hawaye na yi shuru, yanzu kuma gishiri?"

Wai ta yi shiru, ita da ta kira sau huɗu. Na yi dariya, kuma don in rufe mata baki na ce, "Malama, ai mun yi bincike. Tsofaffi ne suka tabbatar mana." Na katse layin ina jin daɗin kaina.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe goma na safe, wayar ofis ta yi ƙara, aka ce ni ake nema. Malama Kulu ce, amma muryarta ba irin wadda na sani ba. A bayanta ina jin hayaniyar mutane.

"Ka taho yanzu. Za su kashe Inna Hajo, kuma bakinka na ya jawo."

Ta yi mini bayani a gurguje. Inna Hajo tsohuwa ce mai daddawa a unguwarsu, a gefen gari. Tana da hawan jini, likita ya hana ta gishiri tun bara. Ranar Talata an yi suna a maƙwabta, aka kai mata abinci ta mayar, ta ce ba ta cin gishiri. Washegari 'yar gidan, yarinya 'yar shekara goma, ta kwanta da zazzaɓi tana fizge-fizge, tana kiran sunan tsohuwar. Yanzu an taru a ƙofar gidanta, an ce sai ta fito ta tsallake yarinyar.

Ga wanda bai san abin ba: idan ta tsallake, ta amsa cewa mayya ce, har jikokinta sun ɗauki sunan. Idan ta ƙi, duka ne, kuma ba kowa ke tashi daga irin wannan dukan ba.

Na shiga ofishin Alhaji Umaru na faɗa masa gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya zaro takardar Litinin mai ɗauke da sa hannunsa ya miƙo mini.

"Ka ga gishiri a nan?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Ɗauki mota. Ni zan kira mai unguwa da 'yan sanda. Kai kuma ka tafi ka faɗa musu da bakin da ka faɗi na farko."

Daga Kalgo zuwa Gwandu tafiyar kusan awa guda ce, kuma an yi ruwa da asuba. Duk hanya ina riƙe da takardar har ta jiƙe da gumin hannuna. Na kira Malama Kulu sau biyu ba ta ɗauka ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina ta ƙissima cewa zan isa in tarar an lulluɓe tsohuwa da zane.

Ni da direba muka tarar da lungun cike. Wasu samari da sanduna, mata a kan katanga, mai unguwa yana magana ba mai jin sa. An kwantar da yarinyar a kan tabarma a tsakar rana, uwarta tana kuka. A bakin zauren Inna Hajo kuwa, Malama Kulu ce zaune daram a kan turmi, ta cike ƙofar, mayafinta ɗaure a ƙugu. Awa biyu ta yi tana riƙe da su da gardama.

"Ku kawo min tsoho guda da yaj ji zancen gishiri kahin Litinin," take cewa. "Guda ɗai!"

Na kutsa na ce ni ne Bello mai karatu. Ba wanda ya yarda, domin muryata suka sani, ba fuskata ba. Wani mai sanda ya matso har ina jin numfashinsa, ya ce in ni ne in yi sallamar shirin. Na yi sallamar, da muryar nan da nake yi a gaban makirufo. Nan take suka gane muryar.

Na ɗaga takardar na ce a ba wanda ya iya karatu. Wani malamin firamare ya karɓa ya karanta shafin ƙarshe da ƙarfi, har inda ya tsaya. Babu tuwo, babu gishiri. Na ce, "Ni na ƙaga shi don in cike minti uku. Ba wani tsoho da ya faɗa mini. Ƙarya na yi wa Malama Kulu, kuma kuna ji."

Uban yarinyar ya ce, "To mi as sa ɗiyata ke kiran sunanta?"

Malama Kulu ta ce, "Ba tare munka saurara ba a gidanku, tana zaune? Kuma ba gabanta anka maido akushin ba?"

Ba zan ce duka sun gamsu ba. Amma sandunan sun sauka, kuma kafin 'yan sanda su iso mun sa yarinyar a motarmu zuwa asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai. Kwana uku aka sallame ta.

Kafin in bi motar, na shiga in ba Inna Hajo haƙuri. Tana zaune a ƙuryar ɗaki, ƙaramar rediyo a gefen tabarmarta. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta dube ni ta ce, "Kai na Bello? Kullum ina jin ka, ɗana. Ranar da kac ce gishiri, kashe rediyon niy yi. Na san za su zo."

An dakatar da ni mako biyu, kuma sai da na karanta gyara a rediyo kwana huɗu a jere. Gyaran bai dawo wa Inna Hajo da masu sayen daddawarta ba. Kafin kaka ta koma wurin 'yarta a Ceberu, ba ta sake zama Gwandu ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa raba labari da labarai idan murya ɗaya ce ta faɗe su. Kuma mai sauraron da ya fi damun ku da gyara, ku riƙe shi da kyau, domin ranar da abin ya ɓaci shi za ku tarar zaune a bakin ƙofa. Malama Kulu ta ci gaba da kira har littafin ya ƙare, ban sake katse ta ba. Idan takarda ta ƙare muku saura minti uku, ku sa kiɗa.