Lahadin da Barori Ke Zuwa Gida

Lokacin ina boyi a gidan wani Bature a unguwar Nasarawa, Kano. Makarantar mishan na baro ta tun ban gama ba, zama waje ɗaya ba ya yi mini. Inna ba ta yi faɗa ba ranar da na ce zan tafi Kano, ta dai ce in riƙa zuwa coci.

Ana cikin azuminmu na kafin Ista, wani malamin makaranta ɗan ƙauyenmu na wajen Zariya ya tare ni bayan sujada. Ya ce yanar ido ta rufe wa Inna ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Wai ta ce in zo ta gan ni tun da sauran gani.

A satin nan uwargida ta shigo kicin da kanta tana kwaɓa kek, har da 'yar waƙarta. Ta ce a ƙasarsu Lahadin tsakiyar azumi ta iyaye mata ce. Ranar ana sassauta azumi a yi murna, kuma tun zamanin kakanninta akan sallami barori su je su gaida uwayensu. Jin haka sai na yi tsammanin Allah ne ya buɗe mini ƙofa. Na rusuna na faɗa mata zancen Inna. Ta ce ayya, ta ce za ta sa ta a addu'a, amma tana da baƙi ranar Lahadi, in bari sai bayan Ista.

Kukunmu, wani dattijo Bakatsine, ya dube ni bayan ta fita.

"Yaro, ku naku azumin har da na ganin uwa ake yi?"

Ranar Lahadi na sa fararen kaya na zuba wa baƙi shayi, suna ta hirar uwayensu da ke can ƙetaren teku. Washegari na hau jirgin ƙasa, ban yi sallama da kowa ba. Na san aikin ya tafi ke nan.

Na tarar da Inna zaune a ɗaki, ga rana tsaka amma tana lalube. Na durƙusa gabanta, ta juyo da fuska ta wuce ni kaɗan. Ta ce in tashi in tsaya a bakin ƙofa, wajen da haske ke shigowa. Na tsaya. Ta daɗe tana kallo.

"Inna, kin gan ni?"

"Na ga inda hasken ya tsaya. Ashe ka ƙara tsawo."

Ta yi dariya, ni na kasa. Ta ce in daina, ana azumi ba a ɓata fuska, wanda ya ba ta idon yana nan tare da ita a cikin duhun ma. Ni har yau bangaskiyata ba ta kai nan ba. Na dai tsaya a ƙofar har ta ce ta gaji, in zo in zauna.