Tsohon Jikin Kwalin Dabino

Har gobe ban manta da safiyar da mudir, wato manajanmu, ya tara mu a sito ba. Kamfanin dabino ne a Birnin Masana'antu na Biyu, nan ƙasar Larabawa, ni ina sashen ɗaure kwalaye. Disamba ta matso, kaya sun ƙi fita, aka ce za a rage ma'aikata. Wanda za a fara sallama shi ne Malam Idi mai gadi, dattijo ɗan Maraɗi, wanda iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, take gab da ƙarewa. Shi ke riƙe da gidansu kaf.

Mudir ya nuna mana hoto a waya: tsohon nan mai jar riga na Kirsimeti, da barewa mai jan hanci.

"Shuf, ku duba!" in ji shi. "Barewar nan wani kanti ne ya ƙirƙiro ta don a sayi kaya. Tsohon ma 'yan talla ne suka yayata shi da wannan tumbin. Mu me ya hana mu yin namu?"

Na dubi farin gemun Malam Idi, dabara ta faɗo mini. Na ce, "Mudir, ai ga tsoho Allah ya ba mu." Nan take na shirga labari: wai akwai wani dattijon sahara mai farin raƙumi, duk ƙarshen shekara yana ajiye wa yara dabino a ƙofar gida. Ko ni sai da ƙaryar ta burge ni.

Aka naɗa wa Malam Idi jan rawani, aka cusa masa filo a cikin riga don ya yi tumbi, aka hayo raƙumi. Yana ta salati, mai hoto yana ta "Yalla, murmushi!"

"Ɗan nan, wane irin aiki ka jawo mini?" ya ce da ni.

"Baba, iƙama ce nake nema maka."

Kwalaye ɗauke da hotonsa suka yi ta fita, har zuwa ƙasashen waje. Ni kuwa ina ta hura hanci, na ceci mutum.

Bayan sabuwar shekara aka sallami Malam Idi. Na je ofis raina a ɓace.

"Mudir, ai fuskarsa ce a jikin kwalin!"

Bai ko ɗago kai ba. "Sah, haka ne. Amma hoto ba ya buƙatar iƙama."

Bara aka kawo sabon mudir. Ya tara mu, ya ba mu tarihin dattijon sahara, wai tatsuniya ce tun kaka da kakanni, kakarsa ma ta ba shi. Na ce, "Masha Allah." Tawa iƙamar tana kan teburinsa.

Ku sababbin zuwa, abin da na koya ke nan: a wannan sana'a tsohon takarda ya fi tsohon gaske daraja, don ba ya ciwo, ba ya neman hutu. Malam Idi yana Maraɗi yana gadin wani shago. Ni kuwa kullum sai na manna masa salatif a fuska, in tura shi mota.