Ɗauko Inna Daga Tudun Zabi da Inji Biyu

Kano zuwa Malam Madori

Ana kiran assalatu na fita daga gidana a Fagge, wata Litinin cikin watan Satumba, damina ta biyu bayan an canja kuɗi daga fam zuwa naira. Ba ni da kaya sai 'yar jaka da buta da lema. Ni tela ne, ba na son rufe shago, amma wannan tafiya ba ta jira. Mahaifiyata, Inna, tana ƙauyenmu Tudun Zabi, can cikin fadama ta wajen Guri, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. Na yi ta sintiri asibitin ido har likita ya yarda in kawo ta ranar Asabar, don bayan nan zai tafi ƙasarsu hutu mai tsawo. Ga shi kuma bayan shekarun fari ruwa ya dawo da ƙarfinsa, ya yi wa ƙauyen zobe.

Jirgin ƙasa mai zuwa Nguru ya tashi wajen ƙarfe takwas. A Ringim na sayi dafaffiyar gyaɗa, a Gagarawa muka daɗe muna jiran abin da ba wanda ya gaya mana. Da azahar muka sauka Malam Madori. Na samu a-kori-kura mai zuwa Haɗejiya, na zauna a kan buhun gishiri. Na tambayi direban ko mota na shiga Guri.

Ya ce, "Malam, in ka ga mota a Guri yanzu, to tun bazara take can. Nemi jirgin ruwa."

Kusa da shiga gari 'yan sanda suka tsai da mu, suka leƙa, suka ga gishiri da awaki da ni, suka ɗaga gora.

Haɗejiya

Na sauka wurin ƙanen mahaifina, Baffa Sule, mai sayar da bandar kifi. Bayan la'asar ya kai ni bakin kogi. Jiragen katako suna nan birjik, amma masu inji biyu ne kawai ke zuwa wajenmu.

Na farko wani dogon mutum ne mai yawan dariya, kowa Dogo yake ce masa. Injinsa tsoho ne, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Saboda ƙararsa mutanen bakin ruwa suka sa masa suna Maroƙi. Na biyu Bukar, gajere, mai furfura, ba ya son magana. Nasa injin sabo ne, ba a taɓa ganin irinsa a kogin ba. Fetur zalla yake sha, baƙin man kuwa yana da mazauninsa daban a ciki, kamar na mota. Shi kuma Amarya suke ce masa, wai don ba a jin muryarsa.

Dogo ya ce, "Ɗan Baffa, hau Maroƙi. In ya mutu, da wuƙar yankan farce nake tashinsa. Waccan in ta yi fushi, sai an kai ta gidan iyayenta Ikko."

Bukar ya ci gaba da aikinsa. Da muka koma gefe Baffa ya gaya mini shanun nomansa biyu da gonar shinkafa Bukar ya sayar ya sayo injin nan, kuma tun ranar da ya kawo shi ake jiran a ga faɗuwarsa. Ya ce, "Amma ban taɓa jin ya kwana a hanya ba. Kuma tsohuwa ba za ta iya da hayaƙin Dogo ba." Shi ke nan muka yi magana da Bukar a kan zuwa da dawowa. Muka ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, na kwanta a zaure sauro na yi mini waƙa.

A kan ruwa

Gari na wayewa ranar Talata muka tashi. Ja ɗaya Bukar ya yi wa igiya injin ya kama, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwa. Har ana iya hira ba tare da ɗaga murya ba. Da muka bar gari kogin ya ɓace mini gaba ɗaya. Ko'ina ruwa, sai kan gero da ya nutse, da goruba tsaye cikin ruwa har ƙugu, da furen bado fari fat. Ban san yadda Bukar yake gane hanya ba. Wani lokaci ya ɗaga injin mu wuce ciyawar burgu yana tura jirgin da gora, sannan ya mayar.

Da hantsi muka tarar da Dogo, wanda ya riga mu tashi, jirginsa na lilo a gindin wata giyayya. Ya kwance fulogi yana kankarewa, fasinjojinsa mata uku sun haɗa tagumi.

Bukar ya rage gudu ya ce, "In ja ka?"

Dogo ya ce, "Wuce da Amaryarka, numfashi yake yi!"

Ba mu yi nisa ba kuwa muka ji Maroƙi ya tashi a bayanmu, ta-ta-ta-ta, har tsuntsaye suka watse. Bukar ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce shekara goma sha yana fama da irin na Dogo. Wata rana yana ɗauke da matar maƙwabcinsa mai naƙuda, injin ya mutu a tsakiyar ruwa, ya yi ta ja har tafin hannunsa ya fashe. Da gora ya ƙarasa da ita, amma abin da ke cikin bai zo da rai ba. Ya ce, "Tun ranar na yi alkawari, in dai akwai injin da ba ya mutuwa a duniya, sai na saye shi."

Mun yi mil ashirin da wani abu a lissafinsa, injin bai yi ko tari ba, tankin kuma ko rabi bai yi ba.

Tudun Zabi

Da la'asar muka isa. Ƙauyen ya zama tsibiri, rumbuna an ɗora su kan duwatsu, awaki da mutane duk a tudu ɗaya. Na sami Inna a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai dai Mai Kano.

Ta ce, "Mai Kano, da ƙafa ka zo? Ban ji inji ba."

Na ce da inji na zo. Ta ce to wannan injin yana da tarbiyya.

Sai da aka sha fama kafin ta yarda da tafiyar. Ta ce ta ga duniya iya gani, a bar ta. Matar ƙanena da ke kula da ita ce ta ce, "Inna, jikokinki biyu da aka haifa bara, da hannu kawai kika san su." Sai Inna ta ce a ɗaure mata ƙunshinta. Da daddare aka yi ruwa da iska mai ƙarfi.

Jingar manoma

Laraba da safe muka kamo hanya, Inna a tsakiyar jirgi a kan tabarma. Lissafina shi ne mu kwana Haɗejiya mu kama jirgin ƙasa na Alhamis, don in ya wuce ba wani sai Lahadi, hanyar mota zuwa Kano kuma gadarta ta karye.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka tarar iskar jiya ta turo ciyawa ta toshe mashigar da muka biyo, tuli guda kamar an gina katanga. Bukar ya ce ba makawa sai mun tsallake wata jinga, wato tudun ƙasa da manoman shinkafa suka yi don tare ruwa, mu faɗa ɗaya hannun kogin. Manoman na nan suna gyara, suka taso da kansu su taimaka. Aka ce a sauke kaya a cire inji don jirgi ya yi sauƙin ja. Jingar tana da santsi, na kama Inna muka zame tare. Sai Bukar ya durƙusa ya ce, "Inna, hau bayana." Ya goya ta ya bi da ita a hankali har gindin wata tsamiya can gaba. Kafin ya dawo, mutum biyu sun ɗauke injin suna nishi saboda nauyinsa, sun kwantar da shi a kan ciyawa kamar yadda suka saba yi wa kowane inji. Aka ja jirgi, muka yi azahar, manoman suka ba mu gasasshiyar masara.

Da aka mayar da injin, Bukar ya ja igiya, ta ƙi motsi. Ya sake ja da hannu biyu, kamar an ɗaure ta da dutse. Ya duba ya ga baƙin mai na ɗiga ta inda bai taɓa ɗiga ba. Ya zauna a bakin jirgi ya dafe kai.

Ya ce, "Wanda ya sayar mini ya ce kada a kwantar da shi ta wannan gefen. Ya faɗa mini. Ni ne ban tsaya ba."

Manoman suka yi cirko-cirko, ɗayansu har yana rantsuwa bai sani ba. Bukar ya ce ba laifinsu ba ne. Ya ɗauki gora ya fara tuƙi, amma yanzu ruwa muke hawa, ba gangara ba. Na karɓe shi, hannun tela bai yi nisa ba ya yi ƙuraje. Na duba rana na san ba za mu kai ba. Abin da ya fi damuna ma fuskar Bukar ce. Ba ya kallon injin ko kaɗan.

Inna ta ce, "Bukar, me ya same shi?"

Ya ce, "Ya mutu, Inna. Shanuna da gonata ke nan."

Ta ce, "Kai da ka goyi makauniya? Allah ba ya haka. Ku yi shiru, ina jin wani abu."

Mu ba mu ji komai ba. Sai can, daga nesa, ta-ta-ta-ta.

Maroƙi

Dogo ne, ya yi lodin bandar kifi daga wajen Guri. Na ɗauka yau bakin ruwa zai sha labari. Ya kashe injinsa, ya dubi Bukar, bai yi dariya ba. Ya tsallako jirginmu ya gwada igiyar, ya ce a kwance fulogi a gani. Sifanarsa ta yi wa fulogin yawa.

Ya ce, "Ina taka?"

Bukar ya ce, "Tana gida. Tun da na saye shi ban taɓa kwancewa ba, sai na daina ɗaukowa."

Dogo ya ce, "To, ka ga illar lafiya ke nan. Miƙo igiya."

Ya ɗaure mu a bayansa. Ban taɓa shan hayaƙi irin na ranar ba. Na jiƙa mayafin Inna na rufe mata hanci, duk da haka tari take yi. Jirgi biyu a kan ruwa mai ƙarfi, Maroƙi ya yi ta kururuwa yana shan fetur kamar raƙumi. Ya mutu, Dogo ya kankare fulogi, ya tashi. Ya sake mutuwa, ya hura wani bututu da baki, ya tashi. Bayan la'asar ya yi shiru gaba ɗaya, Dogo ya girgiza tanki ya ce ba ko ɗigo. Bukar ya ciro nasa tankin da ke cike fiye da rabi ya miƙa. Dogo ya auna baƙin mai da gwangwanin madara ya zuba, suka girgiza tare, mutum biyu riƙe da tanki ɗaya. Da man Amarya Maroƙi ya kai mu gari, ana kiran magariba.

Da muka matso, masu zaman bakin ruwa suka miƙe suna nuni. Wani ya fara shewa. Dogo ya daka masa tsawa ya ce, "Ba don mansa ba da a daji zan kwana. Wanda bai taɓa jan igiya ba ya rufe mana baki."

Haɗejiya zuwa gida

Alhamis da sassafe, kafin mu nemi mota, na bi Bukar wurin wani mai gyaran babura a bayan kasuwa, injin a kan amalanke. Mutumin ya ce shi bai taɓa taɓa injin ruwa ba, amma cikinsa ɗaya da na babur. Ya kwance fulogi, ya ja igiya, baƙin mai ya yi tsartuwa har kan rigata. Ya wanke, ya ƙara mai, ya sa ƙafar injin cikin durom na ruwa. Ja na huɗu ya kama, ya yi farin hayaƙi kamar ana toyi, sannan ya koma gurnaninsa. Bukar ya juya baya ya daɗe yana share ido da hularsa.

Su biyun suka rako mu tashar mota. Dogo ya ce Inna ta raba musu gardama, wanne ya fi. Ta ce ita ba ta ga ko ɗaya ba, amma ɗaya ya san hanya, ɗaya ya san magani. Ta yi wa Dogo addu'a Allah ya ba shi wanda ba ya tari, ta yi wa Bukar Allah ya kawo masu gyaran irin nasa garin nan da yawa. Suka shafa.

Jirgin ƙasa ya zo Malam Madori a makare, wannan karon na gode masa. Muka shiga Kano bayan isha'i. Ranar Asabar aka yi wa Inna aiki. Idon hagu bai yi ba, likita ya ce an makara. Ranar da aka kwance na dama ina tsaye a gabanta. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta daɗe tana dubana tun daga hula har takalmi.

Ta ce, "Mai Kano, ashe ka yi furfura ba wanda ya gaya mini?"

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Baffa Sule da Bukar da Dogo da manoman jinga da alheri, ya kai duk matafiyi gidansa lafiya.