Yadda Karamcin Gidanmu Ya Kusa Mayar da Ɗalibina Gida

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru, ni matashi ne mai ji da kansa, ina digiri na biyu a fannin harkokin ɗalibai a wata jami'a a nan Jidda. Idan aka tambaye ni me nake karantawa, sai in gyara zama in yi dogon bayani cewa mu ne za mu kula da rayuwar ɗalibi a wajen aji, wato masaukinsa da takardunsa da damuwarsa da yadda zai saba da wuri. Mahaifiyata, wadda muke kira Umma, takan bar ni in gama, sannan ta ce ita ba ta ga abin digiri a nan ba, ai saukar baƙi kenan, kuma tun kafin a haife ni take yi.

A unguwar Sa'alaba ta nan Jidda aka haife ni. Kakana ya zo hajji ta Sudan bai koma ba, shi ya sa gidanmu ya zama masaukin duk ɗan'uwan da ya zo Umra daga gida. Dokar gidan guda ce, baƙo ba ya ɗaga ko tsinke. Ba ya sayen ruwa, ba ya tambayar hanya, ba ya ciniki da mai taksi, mu 'ya'yan gida mu ne bakinsa da ƙafarsa. A haka na taso, kuma ina alfahari da hakan. Abu ɗaya ne yake sosa mini rai, Hausata ba ta nuna ba. Ina ji sarai, amma da na buɗe baki sai Larabci ya riga ta fitowa, baƙi su yi ta yi mini dariya.

Da aka tura ni horon aiki a ofishin harkokin ɗalibai, malamin da ke duba aikina, wani dattijo mai sanyin magana, ya damƙa mini wani sabon ɗalibi daga wajen Damagaram. Ya samu tallafin karatu ne, amma da sharaɗi: zai yi shekara yana koyon Larabci, a ƙarshe ya ci jarrabawar baka, sannan ya shiga fannin da ya zo dominsa. Idan ya faɗi, tallafin ya tsaya, sai gida. Saurayi ne mai kunya, yana karanta Larabci sumul amma bai iya tambayar kuɗin burodi ba. Da na gaishe shi da Hausata mai ɗingishi, sai na ga idonsa ya cika da hawaye don murna. A take na ji a raina cewa na samu baƙo.

Daga ranar na ɗauke masa komai. Ni na bi masa layin iƙama, wato takardar izinin zama, ni na yi magana a asibiti da banki, ni na saya masa layin waya. Idan fanfon ɗakinsu ya lalace ni yake kira, ni kuma in kira mai gyara. Kowace Alhamis in ɗauko shi a mota zuwa Sa'alaba, ba zai koma ba sai Asabar. Umma ta raɗa masa suna baƙona, yau tuwon shinkafa da miyar kuka, gobe kabsa, da safe ful da tamis, har kumatunsa suka fito. Mu yi ta hira da Hausa, yana gyara mini, ni ina tsokanarsa da mersi ɗinsa, godiyar Faransanci da ba ta ƙarewa. Gaskiya na ji daɗin watannin nan ba kaɗan ba, kuma rabin Hausar da nake rubuto muku yanzu a bakinsa na tsince ta. Har cika baki nake yi wa abokan karatuna cewa ɗalibina bai taɓa kawo ƙorafi ba.

Ana tsakiyar shekara malamin nan ya kira ni ofishinsa. Ya ce malaminsu... a'a, ya fara da zuba mini shayi tukuna, don shi ba ya gaggawa. Sannan ya ce ɗalibina ya faɗi gwajin baka na rabin shekara, kuma malaminsu ya ce ba a taɓa jin muryarsa a aji ba. Ya tambaye ni ko ɗalibin ya san sunan abokin ɗakinsa, na ce ban sani ba. Ya ce ya aika masa ya zo ofishin nan shi kaɗai yanzu, mu jira mu gani. Ba mu gama shayin ba wayata ta yi ƙara a kan tebur. Ɗalibin ne, yana tsaye a ƙofar ginin da muka sha shiga tare, bai san inda zai bi ba, kuma ya kasa tambayar mai gadi. Malamin ya yi murmushi ya ce in amsa mana. Da na ajiye, sai ya ce a hankali, ranar jarrabawa ba za a bar ni in shiga in yi magana a madadinsa ba. Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya biyo baya.

Da na zaunar da ɗalibin na faɗa masa gaskiya, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya daɗe da lura, yana ganin 'yan ajinsu sun fara hira shi yana nan jiya i yau. Amma a wajensu ba a ce wa mai masauki ya isa haka, ta ina zai fara ƙin alherin gidanmu. Ashe ni ina yi don kada a ce na wulaƙanta baƙo, shi yana karɓa don kada a ce ya butulce, mu biyu muna ta ladabi tallafinsa yana zamewa.

Babban aikin shi ne faɗa wa Umma. Ta ce wane irin karatu ne wannan da ke koya wa mutum korar baƙo, in je in karɓo kuɗin makarantata. Sai da na ce mata idan ya faɗi za a mayar da shi, kuma mutanen garinsu za su ce ya je Jidda ya dawo da ƙiba kawai, sannan ta sauko. Washegari ta kafa sabuwar doka. Halas, wato shi ke nan, babu kwana, sai abincin rana ranar Juma'a, da ƙafarsa zai zo, kuma dole ya taho da abokin ɗakinsa, wanda ashe ɗan Indonesiya ne mai son barkono. A kan tabarmar cin abinci kuwa ba Hausa. Matar da ta yi shekaru tana yi mini faɗa kan Hausa ita ce ta hana ta. Idan ya nuna miya da yatsa sai ta janye kwanon ta ce yalla ya faɗi sunanta. Ita ce kuma ta fi kowa karya dokar, don da ranta ya ɓaci sai Hausa ta kuɓuce mata.

Ni na fi shi shan wuya. Ranar da ya fara zuwa shi kaɗai, don abokin nasa bai samu zuwa ba, ya ɓace, ya tsinci kansa a can unguwar Bagdadiyya. Ya kira, na ce ya tambayi mai shago mafi kusa, na kashe wayar. Ya iso bayan la'asar, ya jiƙe da gumi, yana ba da labarin ɓatansa da gurgun Larabci, muna ta dariya har da shi. A hankali bakinsa ya buɗe. Ranar jarrabawa na kasa zama, na yi ta kai da kawowa a ofis har malamina ya ce in fita ina sa shi jiri. Allah Ya taimake mu, ya ci.

Na kammala karatuna, aka ɗauke ni aiki a wannan ofishin. Wata rana na hango shi a wajen cin abinci cikin abokansa, yana musun ƙwallo da Larabcin Jidda kamar a nan aka yanke masa cibiya. Na tsaya ina jiran ya taso. Ɗaga mini hannu kawai ya yi, ya ce yana da aji, zai kira ni. Na koma gida raina a ɓace, na kai ƙara wajen Umma. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaye ni ba abin da na je jami'a nema ba kenan.

Abin da na koya shi ne, wanda ya zo Umra daban, wanda ya zo zama daban. Na farko ka ɗauke masa wahala, zai tafi yana sa maka albarka. Na biyu kuwa idan ka ɗauke masa duka, ka hana shi garin. Kuma sai daga baya na yarda cewa ba don shi kaɗai na yi ba, ina jin daɗin a buƙace ni, ina kuma jin daɗin Hausar da nake samu. Don haka ina jan kunnen 'yan'uwana masu karatun wannan fanni, musamman mu da muka taso a gidajen baƙi, ku riƙa tambayar kanku me ɗalibinku ya iya yi yau wanda bai iya ba jiya. Bana ma an turo mini wani daga Katsina. Ya tambaye ni ofishin iƙama, na nuna masa da hannu na koya masa abin da zai ce, ƙafata tana ƙaiƙayin raka shi, na riƙe kujerata gam har ya sha kwana.