Ludayin da Ban Buga Ba

Shekara huɗu na yi a hawa na goma sha ɗaya na wani bene a Sri Petaling, ƙasar Malesiya, amma da za a ce in zana unguwar a takarda ba zan iya ba. Abin da na sani shi ne lif, da kedai, wato kantin da ke ƙasa, inda nake sayen albasa da attaruhu, sai tagar kicin ɗina mai sandunan ƙarfe da ke kallon layin jirgi. Maigidana karatun digiri na uku ya zo, jami'arsu ta gida ce ta turo shi, ni kuma aka liƙa ni a jikin bizarsa. Ba aiki, ba sana'a, takardar ta hana. Ya fita da safe, yara su tafi makaranta, in sun dawo in yi musu Hausa su mayar min da Turanci. Ni da a gida bakina ba ya hutawa, sai ga ni ina hira da tukunya.

Boko a aji huɗu na tsaya. Amma Allah ya ba ni kunne. Ɗan Malayancin da nake yi ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, a bakin mai kedai da talabijin na tsince shi. Kunnen nan kuwa gado ne, don mahaifina makaɗin kukuma ne. Da girma ya kama shi, jinsa ya yi nauyi, sai ya riƙa zama a zaure yana goga ƙaro a izga yana gwada kiɗa, ni ina ciki ina girki. In na ji ya gaza kaiwa inda muryar take, sai in buga ludayi a ƙwarya sau ɗaya. In ya zarce, sau biyu. Ya ɗaga murya ya ce, “Na ji, uwata.”

Ana gobe za mu taso maigidana ya zaunar da ni. Ba da faɗa ba, mutum ne mai sanyin hali. Ya ce, “Can duk matan malamai ne da 'ya'yan manya. In an tambaye ki, Baba manomi ne.” Na ce ai kuwa yana da gona. Ya ce, “To kin gani. Don ke nake faɗa, kin san bakin mata.” Na sani kuwa. Na san yadda ake cewa 'yar makaɗa, ana ɗan murmushi. Da muka je kuwa, matan nan goma sha wani abu da muke taro da su, su ne duk Hausar da nake samu in ji a wata, in suka ja baya da ni ba ni da kowa a ƙasar. Sai na haɗiye.

A shekarata ta biyu wasu suka tare a gidan da muke bango ɗaya da shi. Tsohon Bature ne dogo, ya ɗan rusuna, da matarsa 'yar ƙasar, gajeruwa mai fara'a. Makcik nake ce mata, kamar dai a ce inna. Shi kuwa Baba Bature. Kwana uku da zuwansu, bayan la'asar, ruwan nan na kullum ya sauko, ina yanka kuɓewa, sai na ji wani abu ya yi kuka ta cikin bangon kicin. Na ajiye wuƙa. Jita ce, na san jita, yaran makaranta na hawa na shida suna da ita. Amma wannan ba tsalle take daga murya zuwa murya ba, zamewa take, tana jan sauti kamar yadda izga ke ja. Wallahi sai da na leƙa falo ko wani ya shigo.

Daga ranar na daina kunna talabijin da la'asar. Ƙarfe huɗu ina kicin ko da ba abin dafawa.

Kamar wata guda ana haka, sai na lura akwai wata gaɓa da kullum in ya hau sama ba ya kaiwa. Kaɗan ne, kamar faɗin ƙwayar gero, amma yana sukar min haƙori. Ran nan ina juya miya ya sake yi, ban san lokacin da hannuna ya ɗaga ludayi ya buga bango ba. Ƙwas. Kiɗa ya tsaya.

Washegari shiru. Jibi shiru. Mako guda cur ba abin da ke fitowa daga bangon sai ƙarar famfo. Na rasa inda zan sa kaina, na wanke labulen da na wanke shekaranjiya. Rana ta takwas aka ƙwanƙwasa ƙofa, Makcik ce da faranti na 'yar wainar shinkafarsu mai kore, tana ta ba da haƙuri, wai sun dame ni, wai zai riƙa rufe kansa a ɗaya ɗakin.

Na riƙe mata hannu na ce a'a, a'a, Makcik. Da guntun Malayancina da hannu da baki na rera mata wurin yadda yake yi, na sake rera shi yadda ya kamata. Ta tsaya tana kallona. Ta ce, “Sake.” Na sake. Sai ta zauna a kujerata ba tare da na ce ta zauna ba, ta ce kunnensa ne ke mutuwa. Shekara da shekaru yana tsaye gaban manyan lasifikoki, yanzu siririyar murya ba ta shigar masa. Irin kiɗansa kuma wuyan kwalba yake zurawa a ƙaramin yatsa yana zamar da shi kan tsirkiya, ba wata alama da za ta ce masa nan ne, kunne kaɗai ne jagora. Ita ce ma ta ji bugun ludayin, shi bai ji ba.

“Ke a ina kika koya?” in ji ta.

Na kalli ƙofa, a rufe take. Na faɗa mata sana'ar mahaifina. Ita ce ta farko a ƙasar nan da ta ji daga bakina. Ta tafa hannu ta ce ashe 'yar gida ce, kamar na ce mata ubana gwamna ne.

A wajenta na ji labarinsa, kaɗan-kaɗan, muna gyaran kifi ko tsinke ganye. A wani ƙaramin garin bakin teku a arewacin Turai aka haife shi, inda sanyi ke kashe yatsu. Ma'aikatan jirgin ruwa ne ke shigo da fayafayan Amurka, kiɗan mutanen karkara da na baƙaƙen kudu wanda aka sa wa ganga da lantarki, yana yaro ya ji, shi ke nan ya lalace, in ji ubansa. Da ya kai ashirin ya ɗauki jita ɗaya ya haye Amurka. Ya wanke kwanuka, ya kwana a mota. Daga baya mawaƙa suka gane hannunsa, wannan ya ɗauke shi wata shida, wancan shekara biyu, suna yawo gari-gari a mota ɗaya da kayan kiɗa a baya. Sama da shekara talatin yana tsaye bayan wani. Can suna ce masa ya iya, har ya fi wasu 'yan gida, amma da ya buɗe baki sai a tambaye shi daga ina. In ya je garinsu kuma su ce Ba'amurke ya zo. Ya yi kiɗa a fayafayan mutane da yawa, sunansa na baya da ƙananan baƙaƙe, wani lokacin ma a manta. Wani otal ne ya kawo shi nan yin wasa na wata uku, ya haɗu da Makcik, ya musulunta, ya zauna. Abu ɗaya ya rage masa, in ji ta, yana so ya yi faifai guda da sunansa a gaba kafin kunnen ya rufe.

Haka muka ƙulla. Baba Bature ya ja kujerarsa ya jingina bayansa da bangon, don ya ji bugun a ƙashinsa. Ɗaya, bai kai ba. Biyu, ya zarce. Shiru, daidai ne. Wata huɗu muna wannan aiki, ban taɓa shiga gidansu yana nan ba, in mun haɗu a lif ya sa hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar. Amma na san ranar da gwiwarsa ke ciwo, na san ranar da suka yi faɗa da Makcik, duk a kiɗan nake ji. In na buga ya gyara ya dace, sai ya ja wata 'yar gajeriyar murya mai kama da dariya. Maigidana ya taɓa tambayar me ya sa fentin bangon ya ɓantale a wuri ɗaya, na faɗa masa. Ya ce, “Ki dai yi a hankali.”

Sai Makcik ta zo ta ce an samu mai na'urar ɗaukar sauti, zai zo daga wani gari ranar Asabar, yini ɗaya kawai zai iya ba su. In Baba Bature ya gama kowace waƙa za su dakata, in na buga a sake, in shiru a wuce. Asabar ɗin nan kuwa ita ce zagayen taron matanmu ya faɗo kaina, an sa tun wata uku. Ba a ɗaga taro don an ga dama, sai an faɗi dalili. Na ce a raina ai mai masauki kicin take wuni, wa zai lura? Na ce mata, “Boleh, Makcik,” wato zai yiwu.

Matan suka zo, falo ya cika da turare da hayaniya. Waƙa ta farko da ta biyu lafiya lau, ta biyun na buga sau ɗaya a cikin ƙarar faranti, ya sake, ta yi kyau. Ana shirin ta uku, wadda ke da gaɓar nan mai wahala, sai ga Hajiya a bakin kicin. Ita ce babbarmu, matar farfesa, ita ta kai ni asibiti lokacin da na yi ɓari, ta kwana biyu a kaina. Ba muguwa ba ce.

“Ke Maman yara, kin bar mu da yunwa kin zo kin ɓuya. Kawo in taya ki zubawa.”

Ta tsaya a kafaɗata tana riƙe da kwano. Kiɗa ya taso. Ta karkata kai.

“Ikon Allah. Wannan kuma mene ne, kamar kukumar 'yan bariki?”

Na ce maƙwabcinmu ne, wani tsohon Bature.

“Kullum kike shan wannan? Sannu. Tsofai-tsofai da shi. Ai makaɗi ko a Turai yake maroƙi ne, sai dai a sa masa kwat.” Ta ɗaga murya wajen falo, “Ku zo ku ji, an kawo mana gidan biki har Malesiya!”

Biyu suka leƙo suna dariya. Ni ma na yi dariya, na ji ta da kunnena tana fita.

Ya hau gaɓar. Bai kai ba. Ba ma ƙwayar gero ba, ya fi haka, gajiya ta kama shi. Ya ƙarasa waƙar, sai shiru ya biyo, shirun da na san nawa ne. Ludayi na hannuna, bango ga shi nan, ko taku ɗaya babu. Da na buga, Hajiya za ta ce me ke nan, kiɗan kuma zai sake tasowa daga farko, kuma mace ce mai lura. Na tsoma ludayin a miya na zuba mata a kwano.

“Ƙara nama,” in ji ta. Na ƙara.

Ta bangon na ji 'yar muryar nan mai kama da dariya. Suka wuce ta huɗu.

Bayan sati biyu Makcik ta shigo da takarda da biro. Wai Baba ya ce in rubuta sunana, zai sa a bayan faifan da manyan baƙaƙe, shi ya san yadda ake ji in an bar mutum a waje. Na ce a'a. Ta koma, ta dawo. Wai to in ba nawa ba, na mahaifina, tunda kunnensa ne. Wannan kam ta same ni. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana kiɗa ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba, ko a katin biki. Na karɓi takardar na ce sai na yi shawara. Da maigidana ya dawo na nuna masa. Ya juya ta, ya ce, “In ya faɗa hannun ɗaya daga cikin yaran nan 'yan makaranta fa? Kin san yadda abu ke yawo a waya.” Bai hana ni ba. Cewa ya yi in yi yadda na gani. Da safe na mayar wa Makcik takardarta ba komai a kai.

Na so in faɗa mata zancen waƙa ta uku. Na fara, na ce Makcik, ranar nan... Ta ce ai ranar nan bai taɓa yin farin ciki irinta ba, da ya gama ta ukun a tashi ɗaya sai da ya yi hawaye, ya ce maƙwabciya ta yarda. Na ce Allah sarki.

Faifan ya fito da hotonsa a gaba. Bayan nan bai ƙara daɗewa yana kiɗa ba, kunnen ya ƙarasa rufewa, kujerar ma na ji ranar da aka janye ta daga bango. Makcik ta tura min waƙoƙin a waya, har yanzu suna nan, mun dawo gida da su. Wataƙila a duniya ba mai jin wurin nan sai ni da irin su mahaifina. Taron mata kuwa ban fasa ko ɗaya ba har muka taso, ranar rakiya Hajiya ta ba ni atamfa ta ce ba ta taɓa ganin mai kawaici irina ba.

Nakan kunna su in ina girki. Ta farko, ta biyu. In ta uku ta zo, tun kafin ya hau gaɓar nake ajiye ludayin nesa da hannuna.