Jakunan da Suka Naɗa Dogo

Ni ɗan manomin albasa ne daga Kashin Zama. Kafin in lalace, aikina kai kayan mahaifina kasuwar Jega a kan jaki, in sayar in dawo. A lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, an fara ɗaukar 'yan doka ana sa musu kaki.

Da albasar maƙwabci na fara, biyu ko uku daga bakin mangala, ina cewa ai ba zai gane ba. Daga nan sai akuya. Kafin in ankara na iya kwance jaki tsakiyar kasuwa, in ja shi ina gaisawa da mutane kamar gadon ubana ne.

Wata ranar kasuwa wani ɗan doka da ake kira Dogo ya tare ni bayan mahauta, igiyar jakin da na sato a hannuna.

Ya ce, "Yaro, jakin ga na wa na?"

Na buɗe baki zan yi ƙarya. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai shi ƙauyen Liba ka ɓoye, kak ka sai da shi. Ni ka zuwa in gano shi."

Haka muka ƙulla. Ni in sata in ɓoye, shi ya bari mai jaki ya gaji da kuka, sannan ya fita yana duban ƙasa wai bin sawu yake, ya dawo da dabba ana yi masa guɗa. Daga Aliero har Maiyama aka riƙa cewa Dogo yana da asirin gane ɓarawo. Ni kuwa, wawa, ina jin daɗi ina da uba cikin hukuma.

Da shugaban 'yan dokan ƙasarmu ya rasu, Bature ya tambayi manya wa ya fi kowa gano kayan sata. Abin da ya tambaya ke nan. Ba wanda ya ce a duba me ya sa sata ta yi yawa a duk inda Dogo yake. Aka naɗa shi, har masu jakunan da na sace suka zo taya murna.

Bayan naɗin na je gaishe shi, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. A kasuwa ta gaba ya sa aka kama ni, aka zagaya da ni da igiya a ƙugu. Na gaya wa alƙali komai. Alƙali ya ce, "Ina shaidunka?" Ba ni da kowa. Maganar ɓarawo a kan mai kama ɓarayi, wa zai saurara? Aka ɗaure ni.

A gidan yari Bature ya zo rangadi, ya ce mai kuka ya faɗa. Na tashi na faɗi nawa, tafinta ya juya masa. Ya gyaɗa kai, ya ce ƙara a kan ɗan doka shugaban 'yan doka ke bincikenta. Wato an ba kura ajiyar nama. Dogo ya binciki kansa, ya samu ba shi da laifi, ni kuma aka ƙara mini bulala don na yi wa hukuma ƙazafi. Tun ranar na daina magana, don na ga babu ƙofar da zan buga wadda ba shi ne ke bayanta ba.

Da aka sake ni na tarar mahaifina ya rasu, gonarmu tana hannun wasu. Na tuba, na bi waɗanda na cuta ina neman gafara, wasu suka yafe, wasu suka kore ni.

Yara, ku guji hannu a kayan mutane, ko da albasa ɗaya ce. Kada kuma ku yarda babba ya mai da ku tsani, don ranar da ya hau ku zai fara turewa. In Allah ya kai ɗayanku inda ake naɗa masu tsaro, ya tambaya wa zai tsare su su ma. Sata ta ci mini mutunci, har gaskiyar da na faɗa ba ta yi wa kowa amfani ba.

Dogo yana nan kan muƙaminsa. Kwanan baya muka haɗu a hanyar Jega, na sauka gefe na durƙusa kamar kowa. Ya tsaya ya ce wa mutanensa, "Kun ga wanga? Ni nis shirya shi." Suka ce Allah ya saka masa da alheri, ni ma na ce amin.